Ummi, Bana Ma An Fara da Cin Mu

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga ɗiyata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da mutanen gidan da suka sauke ki, da yaran da aka damƙa miki. Allah Ya tsare miki hanya, Ya tsare miki ƙofar ɗaki, Ya kau da idon mugu daga ƙauyen nan da lakwal ɗinsa, makarantar da kike koyarwa. Mu nan Filinge lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba.

Direban da ke kai awaki kasuwar Baleyara zan ba takardar, ya ajiye miki a Damana wurin mai shagon da kike karɓar saƙo. Kin san ni da waya. In na ji muryarki sai in tsaya ga ina kwana, ina gajiya, yaya yara, in kashe, abin da ke raina yana nan inda yake. Ga kuma rezo ɗinku na waya da sai kin hau tudu kafin ki same shi.

Innarki ta gaya mini abin da kika ce mata. Ta ce yaran ajinki ba su jin Faransancinki, ba su jin Hausarki, in kuma kin gwada Zabarmancin da kika koya a kasuwa sai su kwashe da dariya. Ta ce wasu iyaye sun zo har bakin rumfar da kike karantarwa, suka ce wa direkta, shugaban lakwal ɗin, an aiko musu yarinya ta koyar da yara, shi kuma ya tsaya bai ce uffan ba. Ta ce kin ce mata, "Inna, ina jin ban iya ba."

Ni ban taɓa tsayawa gaban aji ba, Ummi. Abu biyu na sani a duniya: ɗaukar kwalayen nama a ɗakin sanyi a Amurka, da ƙwallon mutanen can da na ɗauko na zo da ita gida kamar ciwo. Da su zan yi miki magana, don ba ni da wasu.

Tun da kika tafi, Idi tela ne kaɗai ke leƙowa ranar Lahadi in na kunna tele. Ba ya zama. Ya tsaya bakin ƙofa da tsinken sakace a baki ya ce, "Hamidu, wai wanga abu ƙwallo na ko kokowa? A rungumi abu kamar gwanda a ruga, ƙatti su taru su danne mutum guda, a tashi a sake!" Ya yi dariyarsa ya wuce. Da kina nan da kin ba shi amsa. Ni yanzu ba ni da ƙarfin gardama, don ekip ɗinmu, ƙungiyar da muke goyon baya, ba ta bar mini bakin magana ba.

Kin tuna yadda muka shiga kakar wasan bana da buri. Sun ɗauko sabon mai jifa, yaron nan da kika sa wa suna Dogo, muka ce wahala ta ƙare. Lahadin farko ma ai ya ruɗe mu. Kafin hutun rabin lokaci ya jefa wata ƙwallo daga tsakiyar fili ta sauka a hannun mutuminsa can ƙurya, har na tashi tsaye na manta da bayana. Da aka dawo hutu komai ya watse, kuma tun ranar bai sake haɗuwa ba. Duk Lahadi labarin ɗaya ne, sai dai rigar masu dukanmu ta sake launi.

Ga yadda nake ganin abin. Ƙattin nan da ke jeruwa gaban Dogo su tare masa mutane, waɗanda muke kira katanga, sun tsage ta hagu. Masu cafe ƙwallo kuma kamar an shafa musu mai a hannu, ta zo musu har ƙirji ta faɗi. Shi kuwa mai horaswa, Mai Kunnuwa kamar yadda kike ce masa saboda abin da yake maƙalawa a kai, taurin kansa ya fi na jakin Idi. In saura taki kaɗan a samu sabon zarafi, sai ya tura mai gudu ta tsakiya, inda ni da ke zaune a Filinge na san ta nan zai bi, balle waɗanda ke tsaye gabansa. Masu tsaron gidanmu ba su da laifi sosai. Suna farawa da ƙarfi, amma tun da ƴan'uwansu ba su iya riƙe ƙwallo, su ake bari cikin fili har ƙafafunsu su mutu. Can wajen ƙarshe sai ki ga sun dafa ƙugu suna haki, ana wuce su kamar an wuce kututture. Mai bugun ƙafa ne kaɗai ke aikinsa, kuma ekip ɗin da mai bugun ƙafa ne gwaninta ta shiga uku.

Yanzu masu sharhi sun sa Dogo gaba. A zaunar da shi, a kawo tsohon da ke benci, zaɓensa da aka yi asara ce. Ni ma na faɗa, a gabanki, Lahadin ƙarshe da muka kalla tare. Ya jefa ƙwallo ta faɗa hannun abokin gaba, na buga cinya na ce, "A fitar da yaron nan, ba shi da amfani!" Kika ce, "Baba, tsaya su maimaita. Kalli hagu." Suka maimaita. Wani ƙato ya shigo ta hagu babu wanda ya ko taɓa rigarsa. Kika ce, "Kafin ya ɗaga kai an riga an iso shi. Me zai yi?" Na mai da ido kan tele, kika ɗauka haushi na ji. Ba haushi ba ne. Wani na tuna, wanda ya taɓa gaya mini kusan haka.

Kin san sunan Walta tun kina ƙarama, kin sha gaishe shi a waya da Turancinki na lakwal. Amma ban taɓa zama na ba ki labarin yadda muka haɗu ba.

Na sauka garin nan na bakin babban tafki a farkon sanyi. Aikin da na samu a wani katafaren ɗakin ajiyar nama ne, mu sauke kwalaye daga manyan motoci mu jera. Ciki sanyi, waje sanyi. Faransanci nake ji, can kuwa ba ya sayen ko ruwa. Walta baƙar fata ne ɗan ƙasar, ya girme ni sosai, yana ɗingishi da ƙafar dama, shi ke tuƙa ƴar motar da ke ɗaga kaya sama. Ya kasa faɗin Hamidu, ya mai da ni Hami. Duk ranar Juma'a in za mu tashi sai ya ce, "Hami, Lahadi ka zo gidana mu kalli wasa." Ni kuma in yi murmushi in ce to, in ƙi zuwa.

Tsoro nake ji. Kada a ba ni naman alade, kada a ajiye giya gabana, kada in buɗe baki a yi mini dariya. Na ce wa kaina neman abinci ya kawo ni, ba abota ba. Haka na cinye sanyin nan kaf a ɗaki. In na taso aiki in rufe ƙofa, in dafa shinkafa, in zauna ina kallon ƙanƙara na sauka ta taga. Na rame. Na fara magana ni kaɗai da Hausa don kada in manta yadda muryata take. Wata rana na tsinci kaina ina gaida firji.

Da wata kakar wasa ta zagayo, ran wata Lahadi sai na ji ana ta danna oda a ƙasan benenmu, ba a fasawa. Na leƙa, Walta ne. Ya ce ba zai bar wurin ba sai na sauko, in maƙwabta sun kira ƴan sanda ni na ja. Na sauko. Da muka isa gidansa, matarsa ta nuna mini kaza a tukunya, ta nuna mini takardar shagon Balaraben inda ta sayo ta, ta ce tukunyar ma sabuwa ce. Sannan ta kai ni wani lungu da ta share ta shimfiɗa tawul, ta ce, "Ina ne gabas ɗinku? Ban sani ba ko na daidaita." Ummi, na tsaya ina kallon tawul ɗin nan. Ashe duk watannin da na rufe ƙofa ina cewa ba wanda ya damu da ni, akwai masu tambayar yadda Musulmi ke cin abinci saboda ni.

Ranar Walta ya zaunar da ni gaban tele ya koya mini wasan da cokula da kwalbar barkono a kan tebur. Na yi ta kwaɓa Turanci suna dariya, har matarsa ta share hawaye. A dariyar nan na koyi harshen.

To, ki ji. In kin tashi daga aji kada ki shige ɗaki ki ja ƙofa. Matar gidan da ta sauke ki in ta kira ki hira, ki fita, ko kin gaji, ko kin yi kuka idonki ya kumbura. Ki zauna inda ake sussuka, ki karɓi taɓarya ko sau ɗaya. Ki yi Zabarmancinki karyayye, su yi dariya, ki tambaye su yadda ake faɗa daidai. Wadda ta gyara miki kalma yau ba za ta tsaya gobe ana zaginki ta yi shiru ba. Kaɗaici ba ya zuwa da ƙara, Ummi. A hankali yake cin mutum, yana gaya masa wai kamun kai ne.

Sau ɗaya tak na shiga babban filin wasan da ƙafata, Walta ne ya kai ni. Ban taɓa ganin taro irin wannan ba, ko a filin idi. A shekarar ma wani sabon yaro ne mai jifa, shi ma an fara kaka ana cin su. Ya yi jifa ta ɓace, ya sake ta ɓace, sai filin nan gaba ɗaya ya ɗauki ihu, ana yi masa eho. Ni ma na miƙe na sa hannu a baki na taya su, ina jin daɗi wai na zama ɗan gari, na san lokacin da ake zagi. Sai na ji an ja mini riga ta baya da ƙarfi.

"Zauna, Hami."

Na zauna. Ya buga gwiwarsa mai ciwo ya ce, "Ka san inda na samo wannan? Na yi wasan nan a makaranta, cikin masu tarewa nake. In na yi sakaci mutum ya wuce ni, mai jifa ake dannewa, shi ake zagi, ni in tafi gida ba wanda ya san sunana. Na sha yi. Kafin ka buɗe baki, duba wa ya bar ƙofa a buɗe."

Yaron nan ba a kai tsakiyar kaka ba aka zaunar da shi. Shekara ta zagayo aka sallame shi. Ban sake jin labarinsa ba. Har yau ban sani ba ko gwani ne ko ba gwani ba, kuma waɗanda suka kore shi ma ba su sani ba, don ba a taɓa ba shi lokacin da zai tsaya da ƙafafunsa ya duba gabansa ba. Abin da na sani, akwai muryata cikin waɗanda ya ji ranar.

Iyayen da suka zo bakin rumfarki ke suke gani, don ke ce a tsaye a gaba. Ba su ganin littafi ɗaya da yara ke rububi a kai. Ba su ganin malamin bara da ya tafi tun kafin shekara ta raba, ya bar yaran suka manta abin da suka sani. Ba su lissafa cewa yanzu girbi ake, rabin ajinki na gona, wanda ya zo yau ba shi zai zo gobe ba. Ba na cewa ki riƙe su a zuci. Ƴaƴansu ne, tsoro suke ji kada a ɓata musu lokaci, kuma an sha ɓata musu. Amma kada ki karɓi ihunsu ki shiga da shi ɗaki ki ci gaba da yi wa kanki. Ke da kika ce mini in kalli hagu, ki kalli naki hagun.

Ba zan yi miki daɗin baki ba. Mai yiwuwa Dogo ba zai taɓa zama abin da muke fata ba. Akwai jifan da yake yi wanda ba laifin kowa ba ne sai nasa, yana riƙe ƙwallo ya daɗe kamar mai jiran a aiko masa izini. Ke ma mai yiwuwa wata rana ki gane koyarwa ba aikinki ba ne, kuma in ranar ta zo ba abin kunya ba ne. Amma ba yanzu ake sanin wannan ba. Ki bari hatsi ya shiga rumbu, yara su dawo su cika aji, kunnenki ya saba da harshensu, sannan ki auna kanki. Kuma a ajin nan akwai wani yaro ko yarinya da kullum ke baya, wanda in kin tambaye shi sai ya sunkuyar da kai. Ranar da direkta ya ɓata miki rai, shi ne zai fi sauƙin hucewa a kansa. Ki kiyaye. Kin riga kin san yadda abin yake a jiki.

Yanzu ga maganar da ta fi hana ni sukuni.

Kin tuna Lahadin da Rumbu ya faɗi. Ƙaton nan mai tare hagu, wanda kika ce faɗinsa ya kai rumbun kakanki. Aka tashi daga dambarwa kowa ya miƙe, shi bai miƙe ba. Ƴan wasa suka durƙusa, namu da nasu. Aka kawo ƴar mota aka ɗora shi, ya ɗaga hannu, mutane suka tafa. Tele ta sa tallar mota da ta abinci. Da aka dawo, wani ne tsaye a wurinsa, alƙali ya busa, aka ci gaba kamar ba a taɓa yin wani Rumbu ba. Daga baya na ji masu sharhi na cewa tun kafin a fara kaka ƙafar ke damunsa, yana ɗaurewa yana shiga. Yanzu sun ce bana dai ya gama, baɗi ma sai abin da Allah Ya yi. Tun ranar katangarmu ba ta sake tsayuwa ba.

Kin ga na tashi na fita tsakar gida ranar, kika ce ko alwala zan yi. Kallon ne na kasa.

A shekarata ta ƙarshe a ɗakin sanyi, na sunkuya zan ɗaga wani kwali na ji abu ya ce ƙas a ƙasan bayana. Na miƙe a hankali na ci gaba. Da yamma Walta ya ga tafiyata ya tsayar da motarsa ya ce, "Hami, je ofis yanzu ka gaya musu. Su kai ka likita." Na ce ba komai, gajiya ce. Ya ce, "Na san tafiyar gajiya, wannan ba ita ba ce." Na ƙi. Ina tsoron in na ce ba ni da lafiya a ba wani wurina. Na sami zane na ɗaure ƙugu tamau, ina shan ƙwayoyin kashe zafi, ina shiga. Haka na yi ta yi har wata safiya na zauna bakin gado na kasa sunkuyawa in sa takalmi. Likita ya ce da na zo da wuri da hutu da magani sun isa. Wurin da na lalata bayana don in riƙe, kafin in fito asibiti an sa wani.

Da na dawo gida kina ƴar ƙarama, kin fara gudu. Kika rugo kika ɗaga hannuwa sama in ɗauke ki. Na kasa. Na durƙusa na rungume ki a ƙasa, kina ta cewa sama, Baba, sama. Ba ki tuna ba, ni kuwa ban manta ba.

Don haka ki buɗe kunne da kyau. Na ce kada ki gudu don an raina ki, kuma ina nan a kan bakana. Amma kin san halin da ƙasarmu ke ciki, kin san lakwal nawa aka rufe a yankin nan, ba sai na rubuta a takarda ba. In maigari ya ce a rufe, ki rufe. In matar gidanku ta ce miki yau kada ki kwana garin nan, kada ki tambaye ta dalili, kada ki tsaya jiran izini daga ofishin masu duba makarantu, kada ki ce bari in gama darasin mako. Ki ɗauki abin da hannunki ya iya ɗauka ki bi mutane. In kin ga baƙin fuska a kan babura suna tambayar ina madam, malamar lakwal, take kwana, wannan ranar ce ranar tafiyarki. Haka in zazzaɓi ya kama ki, kada ki ɗaure kai ki shiga aji, ki je Damana a duba ki. Lakwal za ta sami wata madam kafin alli ya goge daga allo. Ni da innarki ba mu da inda za mu samo wata Ummi.

Na san abu biyun nan suna karo da juna, ki zauna, ki gudu. Na juya su a raina na rasa yadda zan mai da su ɗaya. Abin da zan iya ce miki kawai, in kunya ce ke korar ki, ki zauna. In tsoro ne wanda mutanen gari ma suke ji, ki taho, kuma ba wanda zai tambaye ki komai a gidan nan.

Jiya Lahadi, bayan la'asar, waya ta yi ƙara, lambar Amurka. Kin san duk shekara in za a fara kaka Walta ke kira ya ce, "Hami, bana tamu ce," mu yi dariya don mun san buri ne kawai. Bana bai kira ba, har na sa ki tura masa saƙo kafin ki tafi, shiru. Da na ɗauka sai na ga fuskar ɗiyarsa Karol. Ta gaishe ni, ta ce in yi haƙuri. Ta ce tun rasuwar mahaifiyarta hankalin babanta ya fara gushewa, yanzu sun kai shi gidan da ake kula da tsofaffi. Likitoci ba su tabbatar ba ko tsufa ne, ko dukan da kansa ya sha lokacin da yake wasa. Ta ce, "Wataƙila ba zai gane ka ba. Amma yau ranar wasa ce, ya fi sakewa."

Ta juya wayar. Yana zaune kan kujera, an rufa masa bargo a gwiwa, da hular ekip ɗinmu a kansa. Ya rame har hular ta yi masa yawa. Na ce, "Walta, Hami ne." Ya dube ni da ladabi, irin kallon da ake yi wa baƙon da ya yi sallama a ƙofar da ba tasa ba. Ya ce, "Sannu, yallaɓai."

Sai ya taɓa hularsa ya ce, "Ka san ekip ɗin nan?"

Na ce, "Na san ta."

"Yaya suke bana?"

Karol na tsaye bayansa tana yi mini alama da kai, wai in ce lafiya lau. Na buɗe baki zan faɗi haka, na kasa. Mutumin nan bai taɓa yi mini ƙarya a kan wasa ba. Na ce, "Ana ta cin mu, Walta. Katanga ta tsage."

Sai na ga idonsa ya kawo haske. Ya matso kusa da wayar ya ce, "Hagu ko dama?"

"Hagu."

"Kullum hagu!" Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, Karol ta ba shi ruwa. Ya tambaye ni mai jifa, na ce yaro ne sabo. Ya ce a bar shi ya numfasa. Na ɗan lokacin nan Walta ne sak, har yadda yake kaɗa yatsa. Sannan ya jingina, ya ce, "Ina da wani aboki ɗan Afirka mai son ekip ɗin nan. Mutumin kirki, sai taurin kai. Bayansa ya lalace ya koma gida. In ka gan shi ka ce masa ya riƙa zama kan kujera mai tauri."

Na ce, "Zan gaya masa."

Karol ta karɓi wayar tana share ido, muka yi sallama. Na daɗe zaune a zaure. Shekara da shekaru muna waya da mutumin nan, zancenmu mai jifa da mai horaswa, ban taɓa ce masa ya cece ni a shekarar nan da na kusa zaucewa ba. Na ɗauka ya sani. Wataƙila ya sani ɗin, amma yanzu ba ni da hanyar tabbatarwa. Ummi, duk wanda ya yi miki alheri a ƙauyen nan, ko ƙwaryar fura ce, ki gode masa da baki, a ranar, da harshen da yake ji.

Da aka yi magariba na kunna tele, ba don ina so ba. An riga an fara, an kuma riga an ci mu. Ina zaune sai na ji motsi. Innarki ce ta shigo da kujerarta ƴar tsugune da faifan gujiya. Kin san tun da na kafa parabol na kamo tashoshin waje a gidan nan ba ta taɓa zama ta kalli wasan nan ba, cewa take hayaniyar banza ce. Ta ajiye kujerar ta zauna tana ɓara, ba ta dube ni ba. Can ta ce, "Waɗanne na namu?"

Na ce, "Waɗanda ke ƙasa."

Ba a jima ba aka shigo wa Dogo aka ɗaga shi aka maka da ƙasa, hular ƙarfensa ta yi gefe. Aka nuno fuskarsa kusa. Innarki ta ajiye faifai ta ce, "Wayyo, ɗan mutane! Ashe yaro na ƙarami. Uwatai na kallo?"

Na ce, "Ina jin tana kallo."

Dogo ya tashi ya ɗauki hularsa ya koma, aka sake kayar da shi, ya sake tashi. Na waiga na ga hawaye na bin fuskarta, ba ta share ba. Tun ranar da muka raka ki tasha ban ga ta yi kuka ba sai jiya. Muka tashi muka yi isha'i a hutun rabin lokaci, na ɗauka ta tafi ke nan, sai ga ta ta dawo. Ta zauna har aka busa tashi. An ci mu, ci mai muni.

Na kashe tele. Ta tattara ɓawon gujiyarta, ta ɗauki kujera, ta kai bakin ƙofa ta tsaya.

"Lahadi mai zuwa ma suna yi?"

Na ce, "Suna yi."

Ta ce, "To, ka kira ni."

Ummi, Allah Ya yi miki albarka. Allah Ya sanya ki a inuwarSa dare da rana, Ya tsare fitarki da shigarki, Ya tsare hanyar da ke tsakaninmu da masu bin ta. Ya sa miki haƙuri inda haƙuri ke da amfani, Ya ba ki saurin ƙafa inda babu shi. Ya buɗe kan yaranki, Ya sanyaya zukatan iyayensu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Ki gaida matar gidanku da kyau, ki ce mahaifinki ya gode. Ki sa Walta cikin addu'arki, Allah Ya sassauta masa.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Hamidu